Ƙwayar da Ba Ta da Riga

Tun farkon sanyi harshen Kuwabara ya mutu, bai kuwa faɗa wa kowa ba.

Wata safiya ya gane, a ɗakinsa na haya da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Toyama. Ya zuba shinkafa, ya ɗora umeboshi guda, wani ɗan itace mai tsami da ake jiƙawa a gishiri, a kai kamar kullum, ya jefa shi baki yana jiran tsami da gishirin nan da ke yamutsa fuska. Shiru. Kamar yana tauna jiƙaƙƙen tsumma. Ya kurɓi miya, ya ji ruwan zafi. Ya kurɓi shayi, shi ma ruwan zafi, launi ne kawai ya bambanta.

Bai sha wahalar gano dalili ba. Mutumin da ya ƙarar da fiye da rabin rayuwarsa yana haɗa magungunan zuciya da na hawan jini ya san halinsu ciki da waje. Da kaka likitan kamfani ya canza masa nasa maganin, jinin ya sauka lafiya lau, amma wannan irin yakan ɗauke wa wasu ɗanɗano. Gyaran abin bai wuce ya koma wurin likita ba. To amma likitan na kamfani ne, da daraktoci yake cin abincin rana, aikin da ke hannun Kuwabara kuwa aikin harshe ne.

Sabuwar ƙwaya ce ta hawan jini suke haɗawa, wadda za ta narke a baki ba sai da ruwa ba, domin tsofaffin da haɗiya ke yi wa wuya. Shi asalin garin maganin ɗaci gare shi, irin ɗacin da ke sa tsoho ya tofar a hannun riga da zarar mai jinya ta juya baya. Dabarar ita ce a yi wa kowane ɗan tsaki na garin wata siririyar riga kafin a matse shi ya zama ƙwaya. In rigar ta yi kauri, ɗaci ya ɓuya, amma magani ba zai fita a ciki kan lokaci ba. In ta yi shara-shara, magani ya fita, ɗaci ma ya fito tun a baki. Tsakanin waɗannan biyun Kuwabara da mutanen sashensa suka daɗe suna kai-kawo.

A ƙarshen watan Maris zai yi ritaya. Duk magungunan da ya haɗa a baya kwaikwayon na wasu kamfanoni ne, sai wannan, shi ya kawo shawararta, shi ya raine ta. Abu ɗaya yake so: ya danna hatiminsa a kanta kafin ya kwashe kayan teburinsa.

Shi kaɗai kamfani ya turo Toyama, tun 'yarsa Natsumi tana sakandare. A lokacin an ce na ɗan lokaci ne, don haka matarsa Fumie ta zauna da yarinyar a gidansu na Sakai. Yanzu Natsumi har ta yaye ɗa. Ranar Lahadi yakan buga wa Fumie waya.

"Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Dusar ƙanƙara fa?"

"Tana zuba."

"To."

Daga nan sai su saurari numfashin juna kaɗan, wani ya ajiye.

Shi ya sa ba wanda zai lura. Safe da yamma shi kaɗai yake ci. Da rana ma yana zama a ɗakin cin abinci na kamfani sai teburin ya yi tsit, yara su riƙa cusa abinci da sauri, don haka tuntuni ya koma cin nasa a ofis, yana kallon duwatsun Tateyama ta taga in gajimare ya bari.

Wurin da ya fi jin daɗi a duk ginin shi ne gaban na'urar narkarwa. Tulunan gilashi ne shida a jere, cike da ruwa mai ɗumin jikin mutum, kowanne da ɗan filafili yana juyawa a hankali kamar ciki na aikinsa. A jefa ƙwaya, ta watse, a riƙa zuƙo ruwan kaɗan-kaɗan ana ba wata na'ura, ita kuma ta zana tudu a allo. Girman tudun shi ne yawan maganin da ya fita. Tudu ba ya kunyar kowa, ba ya duban shekarun mai tambaya. Wannan karon kuwa tudun ya tsaya daidai inda ake so.

Mataimakiyarsa Anzai ta zo ta tsaya a gefensa, hannuwa cikin aljihun farar riga. Mace ce mai ƙarancin magana, ita za ta gaje shi.

"Shugaba, narkewa ta yi kyau," in ji ta. "Harshen ƙarfe ma ya ce ɗacin ya sauka sosai."

Harshen ƙarfe sunan da suka sa wa na'urar awon ɗanɗano ne. Tana iya cewa akwai ɗaci ko babu a cikin ruwan da aka tsoma ta, amma ba ta da maƙogwaro, ba ta da yawu, ba ta taɓa tsufa ba.

"Saura na mutane," in ji shi.

"Saura na mutane."

Aka taru a ƙaramin ɗakin taro, su biyar, kowa da kofin ruwa da mazubin tofarwa a gabansa. Ƙa'idar ita ce a ɗora ƙwaya a harshe, a bar ta rabin minti, a tofar, a kurkure baki, ba a haɗiye ko ɗigo. Sannan kowa ya faɗi abin da ya ji. A wannan sashen, tun zamanin wanda ya koya wa Kuwabara aiki, babba ne ke fara faɗi.

Ya ɗora ƙwayar. Ya ji sanyinta, ya ji tana rugujewa kamar alli, ya ji ƙamshin na'a-na'a a hanci. Iyakarsa ke nan. Ya tofar, ya kurkure.

"Yau ku fara," ya ce.

Kowa ya kalli kofinsa. Mizuhashi, mai barkwancin sashen, uban 'ya'ya uku da kullum ke zuwa da barci a ido, ya sosa ƙeya.

"Haba Shugaba, ina mu ina shiga gabanka? Ni harshena ma taliyar gwangwani ta gama lalata shi."

Aka yi 'yar dariya. Kuwabara ya ga dai ba makawa.

"A nawa bakin," ya ce a hankali, "ba laifi."

Nan take ɗakin ya saki jiki.

"Ba laifi ko kaɗan."

"Na'a-na'ar ta zauna daidai."

"Kamar alewa," in ji Mizuhashi. "A ba ni kwali in kai wa surukata, ko ta daina cewa ba na kai mata komai."

Anzai ta ce, "Yadda Shugaba ya faɗa." Amma Kuwabara ya ga ta ƙara miƙa hannu ga kofinta bayan kowa ya ajiye nasa. Ta kurkure, ta sake kurkurewa, tana kallon bango.

Wannan hannun ya bi shi har gida. Ya bi shi kan titi, inda bututun ƙasa ke fesa ruwa don narkar da dusar ƙanƙara, ruwan na jiƙa masa ƙafar wando. Ya bi shi cikin kanti, inda ya tsaya gaban kwanukan abinci ya rasa dalilin da zai sa ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, ya ɗauki mafi kusa. Yana iya danna hatimi gobe. Na'urori sun yarda, mutane huɗu sun yarda. Amma ya san inda ƙwayar za ta. Za ta shiga bakin wata tsohuwa a gidan kula da tsofaffi, in da ɗaci ta tofar a ɓoye, jininta ya ci gaba da hawa, kowa na zaton tana shan magani.

Washegari ya shiga ɗakin haɗi da kansa. Ya auna garin maganin tsirara, wanda ba a yi wa riga ba, ya haɗa shi da sauran kayan daidai gwargwado, har da na'a-na'a, ya matse 'yan ƙwayoyi. A ido ba su da bambanci da na jiya. Dama tsarin gwajin ya tanadi a ɗanɗana irin wannan don kwatance, sai dai kullum akan faɗa wa mutane tukuna su shirya. Shi bai faɗa ba.

"Na ɗan taɓa haɗin," ya ce da suka zauna. "Mu ji wannan."

Suka ɗora, shi ma ya ɗora. Alli da sanyi. Ya zauna yana kallonsu, su kuma suna satar kallonsa.

Kunnen Mizuhashi ya fara ja. Ta kusa da shi ta damƙe gefen teburi. Idon Anzai ya ciko da ruwa, amma fuskarta ba ta motsa ba. Da lokaci ya cika, aka yi rige-rigen tofarwa, sai ƙarar kurkure baki kawai kake ji.

"Yaya?" in ji Kuwabara. "Mizuhashi, yau kai za ka fara. Umarni ne."

Mizuhashi ya kalli fuskar shugabansa, ya ga fuska ce lumui, ba alamar komai. Ya haɗiyi yawu, ya yi nadamar haɗiyar.

"To, akwai ɗan wani abu can ƙarshe-ƙarshe. Amma magani ne ai, Shugaba. Ba a ce zuma muke haɗawa ba."

"Tsoho zai iya sha?"

"Tsofaffinmu akwai haƙuri."

Sauran biyun suka gyaɗa kai. Ya juya ga Anzai.

"In Shugaba ya gamsu," ta ce, muryarta a shaƙe.

Kuwabara ya daɗe yana juya kofinsa a kan teburi. Ya yi zaton zai ji haushi. Abin da ya ji ya fi kama da na mutumin da ya buɗe ƙofar gidansa ya tarar an kwashe kaya. Tare da mutanen nan yake wuni tun ba su da furfura, kuma yau ya gane zai iya ba su guba su ce masa an gode.

"Wannan ba ta da riga," ya ce. "Garin ne tsirara."

Ba wanda ya motsa.

"Ni kuma ban ji komai ba. Yau ban ji ba, jiya ban ji ba. Tun farkon sanyi ba na jin ɗanɗanon komai. Maganin da nake sha ne." Ya miƙe, ya sunkuyar da kai gabansu, ya daɗe a sunkuye. "Na sa ku a wahala. Ku yi haƙuri."

Suka miƙe a rikice, kowa na ƙoƙarin sunkuyawa ƙasa da shi, kujeru na kukan ja. Mizuhashi ne ya fara samun baki.

"Shugaba, yanzu an halatta in faɗi gaskiya?"

"Faɗi."

"Na ga kakata da ta rasu. Tana yafito ni."

Wani ya yi dariya ta hanci, ya kama bakinsa. Anzai ta sallami sauran, ta rufe ƙofa, ta tsaya ba ta zauna ba.

"Mun ga ka sa a baki ko gira ba ka ɗaga ba," ta ce. "Sai muka ɗauka ka ji, kana dai so a wuce wurin ne. Kwana nawa ya rage maka? Wa zai iya kallon idonka ya ce a'a?"

"Ta jiya fa? Mai rigar."

Ta kau da kai.

"Anzai, ke ce harshena yanzu. Ba ni da wani."

"A baki lafiya take," ta ce a ƙarshe. "Bayan an tofar ne abin ke zuwa, can wajen maƙogwaro, ya zauna. Mu masu yawu ke nan, rabin minti kawai muka riƙe ta. Mahaifina bakinsa a bushe yake, ƙwaya takan daɗe a harshensa ba ta gama narkewa ba. Shi kam zai tofar."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na so in bari ka tafi da hatiminka a kai, in gyara daga baya a hankali." Ta kalli ƙasa. "Kuma na san da wuya a bar ni in taɓa abin da aka riga aka rufe."

Dukansu sun san abin da sabuwar riga ke nufi. A sake haɗi, a sake komawa tulunan gilashi, sannan a ajiye ƙwayoyin a ɗakin zafi da laima wata da watanni a ga ko za su lalace. Maris zai zo ya wuce, bazara ma ta wuce.

"A sake gwajin ta jiyan," ya ce. "Ke za ki ja. Ƙarami ya fara faɗi. Ni ba zan shiga ba."

Ranar da aka sake, ya tsaya a baranda, jingine da bango, kusa da ƙofar ɗakin taron. Da farko shiru. Can sai ya ji muryar Mizuhashi ta tashi, yana rantsuwa da wani abu, ta kusa da shi ta ce masa raggo, wani ya ce a'a ita ma ai hawaye take yi, ɗakin ya ɓarke da dariya. Har Anzai ya jiyo, dariya mai ƙarfi, irin ta 'yan kasuwar kifi. Bai taɓa sanin haka take dariya ba. Ya tsaya yana saurare kamar mai wucewa ta bayan gidan biki, sannan ya koma wurin tulunansa, ya kunna filafilai ba tare da ya jefa komai ba.

Da ta kawo masa sakamako ba ta yi kwana-kwana ba. Dukansu sun ji ɗaci. Ya ce to. Ya mayar da hatiminsa cikin 'yar jakarsa, ya hau sama ya gaya wa daraktoci ƙwayar ba ta isa fita ba, da dalilin da ya sa shi bai gane da wuri ba. Ɗaya daga cikinsu ya tsotsi iska ta haƙora ya ce abin da wuya. Ba wanda ya ɗaga murya. Daga ranar dai aka daina kiransa taro.

Ranar ƙarshe suka ba shi furanni a bakin ƙofar kamfani, suka jeru suna sunkuyawa. Mizuhashi ya miƙa masa wani ƙunshi.

"Busasshen kifi ne, Shugaba, na mai tsada. Ka adana sai harshen ya dawo, kar ka yi mini asara."

"In bai dawo ba fa?"

"Sai ka aiko mini abina."

Anzai ta raka shi har mota. "In ta fito zan aiko maka kwalin farko," ta ce.

"Da hatiminki."

"Da nawa."

Jirgin ƙasa ya bi gefen teku, ya ratsa duwatsu, dusar ƙanƙara ta yi ta raguwa har ta ƙare. Furannin na kan cinyarsa, bai san inda zai ajiye su ba.

Da rana tsaka ya isa Sakai. Fumie ta buɗe ƙofa, ta karɓi furannin, ta ce, "Sannu da aiki," kamar yadda ake faɗa. Silifas ɗin da ta ajiye masa na baƙi ne. Ya sa su. Inda kujerarsa take da can yanzu tukwanen shuka ne. Ya zauna a tsohuwar kujerar Natsumi.

Ta kawo shinkafa, da gasasshen kifi, da farin romo a ƙaramin kwano mai murfi. Ta zauna a gabansa ta naɗe hannu. Ya buɗe murfin, tururi ya bugi fuskarsa, ya kurɓa.

"Yaya romon, Baban Natsumi?"

"Da daɗi."

"Ban sa gishiri ba."

Ya tsaya da kwanon a bakinsa.

"Ko ƙwaya ɗaya," ta ce. "Ruwan zafi ne da ganye. Tun yaushe?"

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Da ka zo hutun sabuwar shekara gishiri ya zarce mini a ƙwai, Natsumi ta ture, mijinta ya ɓoye nasa ƙarƙashin shinkafa. Kai ka cinye tas ka ce da daɗi. Kai da tun aurenmu ban taɓa dafa abin da ba ka samo masa aibi ba. Na ce ko dai mutumin nan ya yi budurwa a Toyama, ko ba shi da lafiya. Na dube ka da kyau, na ce ba shi da lafiya."

"Shi ne ba ki yi magana ba."

"A ina? A waya? In ce maka me bayan dusar ƙanƙara?"

Ya ajiye kwanon. Ya so ya ba ta labarin ƙwayar, da rigarta, da dariyar da ya jiyo ta bayan ƙofa, amma bai san ta inda ake fara wa Fumie dogon labari ba. An daɗe rabonsa da hakan.

"Ƙwayar nan da nake yi," ya ce. "Ban gama ta ba."

"Wace ƙwaya?"

Sai a lokacin ya tuna bai taɓa gaya mata ba.

Ta jira kaɗan, da ta ga ba zai ci gaba ba sai ta miƙe ta ɗauko gishiri daga kicin. Ta barbaɗa a nata kwanon, ta juya, ta ɗanɗana, ta mayar da gishirin inda hannunsa ba zai kai ba.

"Gobe za mu wurin likitan unguwa ya canza maka maganin. Naka romon ya zauna haka. Ba ji kake yi ba, jininka ma ya huta." Ta ɗauki tsinkayen cin abincinta. "In ka ga dama ka faɗi ta ƙwayar. Ba inda za ni."

Ya sake ɗaga kwanon da hannu biyu. Ba ɗanɗano, sai ɗumi. Ya sha a hankali, yana neman kalmar farko.